Baƙo Raɓa Ne: Darasi a Kan Ɗalibai Kirista Masu Zuwa Hidima Ƙasashen Waje



Kafin a shiga wannan darasi, ko a gida ko a taron ƙungiya, sai a karanta Luka 1:39-56, da Luka 10:1-9, da kuma Markus 10:46-52.

GABATARWA

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Agusta, sa'ad da mu nan muke fama da noma a gona, makarantun Amurka da Kanada da Turai suna dogon hutu. A cikin wannan hutu ne dubban ɗalibai Kirista, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, sukan ɗaure kayansu su hau jirgi zuwa ƙasashen da talauci ya yi wa katutu, kamar su Meziko, da Honduras, da Haiti, da Kenya, da Uganda, da Indiya. Waɗansu sukan yi mako ɗaya ko biyu, waɗansu kuma wata biyu. Sukan gina aji, su shafa wa majami'a fenti, su koya wa yara karatu, su taimaka a ɗakin shan magani, sa'an nan su koma gida kafin a buɗe makaranta. Wani masanin zaman jama'a na Jami'ar Princeton, mai suna Robert Wuthnow, ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 kimanin mutum miliyan 1.6 daga majami'un Amurka ke yin irin wannan gajeriyar tafiya a kowace shekara.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu biyu ne. Na fari, Afirka tana cikin wuraren da waɗannan baƙi suke sauka, saboda haka wata rana mu ne masu masauki. Na biyu, mu ma muna aika namu 'ya'yan: waɗansu suna tafiya bautar ƙasa a jihohin da ba su san harshensu ba, waɗansu kuma suna fita ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira tare da ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai. Tambayar da ke gabanmu duka guda ce: wane irin taimako ne yake ɗaukaka Allah, ya kuma bar matalauci da mutuncinsa?

1. ASALIN AL'AMARIN

Tashi daga wata ƙasa domin a kai wa 'yan'uwa gudunmawa a wata ƙasa tsohon abu ne a cikin Ikkilisiya. Littafin Ayyukan Manzanni 11:27-30 ya ba mu labarin yadda masu bi na Antakiya suka tara abin da suka iya a lokacin yunwa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Amma tafiyar ɗalibai a lokacin hutu, irin wadda muke magana a kai, ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hawa jirgin sama ya fara sauƙi.

A 1958 wani fasto Baƙar Fata na unguwar Harlem a birnin New York, James Robinson, ya kafa shirin Operation Crossroads Africa, wanda ke kawo ɗaliban Amurka su yi aikin gayya tare da matasan Afirka a lokacin hutu. A 1961 Shugaba John Kennedy ya kafa Peace Corps, wadda ta gwamnati ce, masu shigarta kuwa shekara biyu suke yi. A cikin Ikkilisiyar Katolika kuma, a zamanin Paparoma Yohanna na 23, an yi kira ga masu bi na Amurka ta Arewa su taimaki 'yan'uwansu na Latin Amurka. A 1961 wakilin fadar Vatican ya tsaya a Jami'ar Notre Dame ya roƙi ƙungiyoyin Fada-fada da Sistoci na Amurka su aika kashi 10 cikin 100 na mutanensu can a cikin shekara goma. Wannan kira ya motsa ɗalibai ma, har ɗaliban Katolika na Amurka da Kanada suka riƙa zuwa ƙauyukan Meziko a kowane dogon hutu.

Ikkilisiya ta yi murna da wannan himma. A cikin wasiƙarsa mai suna Populorum Progressio, ta ran 26 ga Maris 1967, Paparoma Bulus na 6 ya yabi matasan da ke ba da kansu domin hidimar ƙasashe matalauta. Amma a cikin wasiƙar nan guda ya gargaɗi duk wanda aka aika aikin taimako kada ya ɗauki kansa maigida a ƙasar mutane. Mataimaki ne shi, abokin aiki kuma, wajibi ne ya san tarihi da al'adun waɗanda suka karɓe shi. Yabo da gargaɗi tare suka zo, kuma tare za mu riƙe su.

2. ALHERIN DA KE CIKI

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tashi a gidan da ruwa ke zubowa daga bango da zarar an murɗa famfo, idan ya bi wata uwa zuwa rijiya da asuba, ya ɗauki tulu a ka ya dawo da shi, ya koyi abin da babu malamin jami'ar da zai iya koya masa. Idan kuwa ya sami jagora nagari, zai fara tambaya: me ya sa manomin kofi ko koko yake aiki shekara guda amma ba shi ne ke yanka farashin amfaninsa ba? Me ya sa ƙasa take biyan bashin waje alhali asibitocinta babu magani? Zai gane cewa talauci yana da sanadi, kuma wani sashi na sanadin yana can ƙasar da shi ya fito.

Har wa yau, zai ga bangaskiya irin wadda bai saba gani ba. Zai ga mutanen da suka yi tafiyar sa'a biyu a ƙafa domin su sami Misa. Zai ga iyalin da suka yanka kazarsu ɗaya tak domin baƙo. Zai durƙusa ya karɓi Jikin Kristi a gefen wanda ba ya jin harshensa, ya san a zuciyarsa abin da kalmar Katolika take nufi. Waɗansu daga irin wannan tafiya suka ji kiran Allah zuwa aikin firist, ko zaman Sista, ko aikin likita a tsakanin matalauta. Wannan alheri ne na gaske, kada kowa ya rena shi.

Amma mu lura da kyau: duk amfanin da na lissafa, mai tafiyar ne ya same shi. Saura mu tambaya, me masu masauki suka samu?

3. INDA AKE TUNTUƁE

Tuntuɓe na fari shi ne na kuɗi. A watan Oktoba 1998 guguwar Mitch ta auka wa Honduras, ta kashe dubban mutane, ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa. Ƙungiyoyin masu bi daga Amurka da Kanada suka yi ta zuwa domin su gina gidaje. Daga baya wani malamin jami'a Kirista da ya daɗe a ƙasar, Kurt Ver Beek, ya bincika abin da ya biyo baya. Ya tarar cewa idan aka haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci, ayari guda yakan kashe kimanin dala 30,000 ya gina gidan da ƙungiyoyin Kirista na ƙasar ke ginawa a kan dala 2,000. Wato kuɗin gida goma sha biyar ya tafi a gida ɗaya. Ya kuma tarar cewa bayan shekaru, babu wani bambanci mai ɗorewa tsakanin iyalan da baƙi suka gina wa gida da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa. Abin da ya fi ban tsoro, yawancin matafiyan sun ce tafiyar ta sāke rayuwarsu, amma da aka duba baikon da suka bayar bayan komawarsu, ƙarin da aka gani kaɗan ne ƙwarai. Mu ƙara da wani abu da kowane magini ya sani: duk bangon da ɗalibi ya ɗora kyauta, akwai maginin garin da ya rasa ladan wannan yini.

Tuntuɓe na biyu shi ne rashin sanin wuri. A 1968 ƙungiyar ɗaliban nan masu zuwa Meziko ta gayyaci Ivan Illich, wanda a lokacin firist ne da ya yi shekaru yana horar da masu zuwa aikin bishara a birnin Cuernavaca, ya yi musu jawabi.  Sai ya gaya musu a fili cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Ba su jin harshen mutanen ƙauyen sosai, ba za su daɗe ba balle su ga sakamakon aikinsu, kuma abin da suka fi bari a baya shi ne sha'awar irin rayuwar Amurka wadda ƙauyawan ba za su iya samu ba. Ya shawarce su su zo domin su gani su kuma koya, su daina ɗaukar kansu masu ceto. Maganarsa ta yi zafi, ba kuwa dole ne mu yarda da dukanta ba. Amma gaskiyar da ke cikinta kakanninmu sun riga shi faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tuntuɓe na uku shi ne taɓa mutunci, wannan kuwa a ƙasarmu ya faru. A watan Oktoba 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, wata budurwa cikin rukunin farko na Peace Corps da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gaisuwa, inda ta kwatanta ƙazanta da ƙuncin rayuwar da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, ita kuwa ta bar ƙasar. Babu alamar ta yi nufin mugunta. Ta rubuta ne kamar mutanen da take magana a kansu ba za su taɓa karantawa ba. Yau kowane matashi yana da irin wannan kati a aljihunsa, wato wayar hannu. Hoton yaro mai tsumma a kafaɗar baƙo yakan zaga duniya ta Facebook cikin minti guda, ba a tambayi uwarsa ba. Ubangijinmu ya riga ya yi mana gargaɗi a Matiyu 6:1-4 a kan sadakar da ake yi domin idon mutane.

Tuntuɓe na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, ya shafi yara. Baƙi suna son ziyartar gidajen marayu, suna kuma sakin kuɗi a wurin. Da miyagun mutane suka gane haka, sai suka mai da abin kasuwa. A Kambodiya, binciken da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa ya nuna cewa yawan irin waɗannan gidaje ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, alhali kimanin uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya sa iyaye suka ba da su, da alkawarin makaranta. A 2018 Ostiraliya ta zama ƙasa ta farko da ta lissafa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bauta ta zamani. Ko a gidan da ake riƙon amana ma, yaron da ya saba da wata baƙuwa mako biyu, ta tafi, wata ta zo ta tafi, zuciyarsa takan koyi cewa duk mai ƙaunarsa zai gudu ya bar shi.

4. ABIN DA LINJILA TA KOYA MANA

To, a daina tafiyar ke nan? A'a. Zumunta a ƙafa take, Ikkilisiya kuwa jiki ɗaya ce. Abin da ake bukata shi ne a gyara yadda ake tafiya, kuma karatunmu uku sun nuna hanya.

Mu dubi Uwarmu Budurwa Maryamu. Da ta ji labarin Alisabatu, ta tashi da hanzari zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya. Wurin 'yar'uwa ta je, abin da ta fara yi kuwa gaisuwa ce. Ta zauna wajen wata uku, tana ɗauke da Kristi a ɓoye a cikinta, Luka kuwa bai lissafa mana ko aiki ɗaya da ta yi a gidan ba. Abin da ya rubuta shi ne farin cikin da ya cika mata biyun, kowace ta zama albarka ga 'yar'uwarta. Wannan ita ce ziyarar Kirista.

Mu dubi almajirai saba'in da biyu. Ubangiji ya hana su ɗaukar jaka da guzuri. Ya umarce su su fara da sallama, su zauna a gida ɗaya, su ci abin da aka sa a gabansu. Me ya sa? Domin wanda ya zo hannu wofi dole ya dogara ga mai masaukinsa, wanda kuwa ya ci tuwon mutum ba zai iya rena shi ba. Almasihu ya aiki manzanninsa a matsayin masu bukata, domin matalauci ma ya sami abin bayarwa.

Mu dubi Bartimawas a bakin hanyar Yariko. Kowa yana ganin makaho ne, Yesu kuwa ya fi kowa sanin bukatarsa. Duk da haka ya tsaya, ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Idan Ɗan Allah ya tambaya kafin ya taimaka, wane ne ɗalibi, wane ne Fada, da zai sauka a gari da shirinsa a rubuce tun daga gida?

Koyarwar Ikkilisiya ta bi wannan sawu. Waliyi Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa ta 1987 mai suna Sollicitudo Rei Socialis, ya bayyana cewa tsayawa tare da matalauta ya wuce tausayin da kan taso ya kwanta. Ƙuduri ne mai ƙarfi, mai ɗorewa, na neman alherin kowa. Paparoma Benedict na 16, a Deus Caritas Est ta 2005, ya ce mai aikin jinƙai yana bukatar gwaninta a aikinsa da kuma horon zuciya, kuma sai mutum ya ba da kansa tare da kyautarsa, don kada kyautar ta ƙasƙantar da mai karɓa. Bisa ga wannan, ɗalibin da bai gama koyon aikin likita ba, bai kamata ya yi wa matalauci abin da doka ta hana shi yi wa mai arziki a ƙasarsu ba.

Baƙo raɓa ne, da rana ta fito ya tafi. Raɓa tana da daɗi, tana sanyaya ganye, amma ba ta nuna hatsi. Waɗanda suka bar amfani mai ɗorewa su ne waɗanda suka zauna kamar ruwan damina. Fada-fada uku na ƙungiyar SMA da suka iso Shendam a 1907 sun zauna, sun koyi harshen mutanen wurin, mu ne kuwa amfanin gonarsu. Paparoma Leo na 14, haifaffen Chicago, ya tafi Peru a 1985, ya yi kimanin shekara ashirin a can gaba ɗaya, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya zama Bishop na Chiclayo kafin a zaɓe shi a watan Mayu 2025. Gajeriyar tafiya takan yi amfani idan ta zama ƙofa zuwa doguwar amana irin wannan, ko a waje ko a gida.

5. DARASI GARE MU

Idan mu ne masu masauki, bashin da ke kanmu gaskiya ce. Sau da yawa kunya da kwaɗayi sukan sa mu ce to ga duk abin da baƙo ya kawo. Ya ce zai shafa fenti, mu ce madalla, alhali rijiya muke bukata. Wani lokaci ma mukan ɓoye abin da muke da shi, mu baje tsummanmu, domin hannunsa ya saku. Wannan zunubi ne, gama ƙarya ce, kuma sayar da mutuncin da Allah ya ba mu ne. Majalisar majami'a ta zauna tun kafin baƙi su zo, ta tsai da abin da ake bukata. A sa maginanmu da kafintocinmu su ja aikin a biya su ladansu, baƙi su zama 'yan taya aiki. Kada a bar baƙo shi kaɗai da yara, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. A rubuta kowace kyauta, a karanta a gaban jama'a.

Idan kuwa mu ne masu aikawa, ko zuwa bautar ƙasa da aka kafa tun 1973, ko zuwa ƙauyen da ke bayan dutse, sai mu koya wa 'ya'yanmu su fara da gaisuwa a harshen mutanen, su gai da mai gari da dattawa, su ci abin da aka ba su, su yi tambaya kafin su yi gyara, su yi wa Musulmi da mai bin addinin gargajiya hidima daidai da Kirista. Ɗan birni da ke toshe hanci a ƙauye bai bambanta da mai katin Ibadan ba.

A ƙarshe, ma'aunin kowace tafiya shi ne abin da mutum ya yi bayan ya dawo. A 1833, a birnin Paris, waɗansu ɗalibai suka ƙalubalanci wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frederic Ozanam, ya nuna musu abin da Ikkilisiyarsa take yi wa matalauta. Shi da abokansa ba su ƙetare teku ba. Sun je wurin wata Sista mai suna Rosalie Rendu, wadda ta san kowane lungu na unguwar matalauta, ta koya musu yadda ake shiga gidan mabukaci da ladabi. Suka riƙa kai itacen wuta da abinci, mako bayan mako. Daga nan aka sami Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul, wadda har yau take aiki a majami'unmu. Ashe Li'azaru yana kwance a bakin ƙofarmu tun kafin mu sayi tikitin mota.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ka taɓa karɓar taimakon da ya sa ka ji kunya? Me mai bayarwar ya yi, ko ya kāsa yi?
2. Da baƙi za su zo majami'armu na mako biyu, wane abu ɗaya za mu roƙe su, wane abu ɗaya kuma za mu koya musu?
3. Wane mabukaci ne a unguwarmu muka kai wa kaya ba mu taɓa tambayarsa abin da yake so ba?
4. Wace hidima ce ƙungiyarmu za ta iya riƙewa shekara guda cur, ba ta yini ɗaya kaɗai ba?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu Kristi, kai da ka zo duniya baƙo, ka zauna shekara talatin a Nazarat kafin ka buɗe baki ka koyar, ka albarkaci matasan da ke barin gidajensu domin hidimar matalauta. Ka kiyaye su a hanya, ka ba su kunnen ji da zuciya mai tawali'u. Mu kuma ka ba mu gaskiya sa'ad da muke karɓa, da ladabi sa'ad da muke bayarwa, domin mu gane fuskarka a fuskar juna. Kai da kake raye kake mulki har abada abadin. Amin.

Maryamu, Uwar Ziyara, ki yi addu'a dominmu.